Kogin Tiber da Tsohon da Romawa Ke Kira Baba

Masu kallo, ku dubi ruwan nan da ya ratsa tsakiyar birnin Rum. Italiyawan yau suna ce masa Tevere, amma da Latin, harshen Romawan dā, sunansa Tiberis. Daga tsaunin Fumaiolo yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita sama da 400 kafin ya faɗa teku kusa da Ostia, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rum.

To, ina sunan ya samo asali? Romawa suna da nasu labarin. Sun ce da can Albula ake kiransa, saboda hasken ruwansa. Wata rana wani sarkin Alba Longa, wani tsohon birni kusa da Rum, mai suna Tiberinus ya zo ƙetarewa, ruwa ya ci shi. Shi ke nan kogi ya gaji sunan sarki, sarkin kuma a wajensu ya zama abin bautar da ke zaune a cikin ruwan. Har Pater Tiberinus suke ce masa, wato Baba Tiberinus.

Ga yadda suka sassaƙa shi. Wannan gunkin an tono shi a Rum a 1512, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faransa. Dattijo ne mai cikar gemu, ya kishingiɗa, hannu ɗaya riƙe da filafilin tuƙa jirgi, ɗayan da ƙaho maƙare da 'ya'yan itatuwa. Ku lura da gefensa: macen kerkeci ce da jarirai biyu, Romulus da Remus. A tatsuniyarsu, an jefa tagwayen a kogi domin su mutu, amma ruwan ya tura su gaɓa da ransu, daga baya Romulus ya kafa Rum a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ni dai filafilin nan ne ya fi ɗaukar hankalina. A zamanin dā ta wannan ruwa jirage ke haurowa da alkamar da birnin ke ci, da man zaitun, da duwatsun gini. Wanda ke ciyar da kai, ai dole ka kira shi baba. Kowace ranar 8 ga Disamba Romawan dā sukan yi masa biki a tsibirin da ke tsakiyar kogin.

Sai dai baban yana da fushi. Ambaliyarsa ta sha cinye unguwanni, kuma bayan ta 1870 ne aka gina dogayen bangayen dutsen nan da kuke gani a gaɓoɓinsa biyu.