Takobin ado da takobin sara: yadda ake samun na ƙwarai a farashi mai sauƙi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Takubba biyu ne a gabanku a wannan bidiyo. Na hagu sai sheƙi yake, an yi wa ƙotarsa kan dodo, kubensa ya sha ado. Na dama ba shi da wani kwarjini, ruwansa ya ɗan dushe, ƙotar kuwa itace ce kawai aka naɗe da fata. Irin na hagun ana samunsa a intanet kan dala 50 ko ƙasa da haka. Na daman ya kai wajen dala 250. In ka ɗaga na hagu ka kai sara da ƙarfi, ko da iska kawai ka sara, ruwan yana iya rabuwa da ƙota ya yi sama, kuma ba wanda ya san inda zai sauka. Na dama kuwa an ƙera shi ne ya yi aikin takobi. Dukkansu kwaikwayon takubban da ne, irin na mahayan Turai, ko na Japan, ko na Sin. Yau za mu ga abin da ya raba su, da yadda mai sha'awar tara takubba zai samu irin na daman ba tare da ya sayar da gonar gado ba.

Mu fara da inda ido ba ya kaiwa. Ruwan takobi ba a bakin ƙota yake ƙarewa ba, yana da jela wadda ke shigewa cikin ƙotar. Ga na hagun mun kwance shi. Kun ga ruwan ya tsaya cak a nan, sai aka ɗauko wani siririn ƙarfe da bai fi kaurin fensir ba, aka liƙa shi da walda, aka murɗa noti a ƙarshe. Masu harkar suna ce wa irin wannan jelar ɓera. Duk ƙarfin saran a kan wannan ɗigon walda yake sauka, kuma nan ne yake karyewa. Yanzu ku dubi na dama. Jelar da ruwan ƙarfe ɗaya ne, ba haɗi. Tana da faɗi daga kafaɗa, tana raguwa a hankali har ta ratsa dunƙulen ƙarfen da ke gindin ƙota, sannan aka bubbuge kanta da guduma ya baje ya riƙe komai. Ku lura da kafaɗar ma, a lanƙwashe take, ba a yanke ta da kusurwa mai kaifi ba, domin daga irin wannan kusurwa tsagewa ke farawa. Wasu masana'antu suna ɗaure gindin da noti maimakon bugu. Wannan ba laifi ba ne in a jikin jelar kanta aka yi wa notin hanya, sai dai ka riƙa duba shi, yakan yi sako-sako. Duk ɗan kasuwar da ya ƙi nuna maka hoton jela, ko ya kasa gaya maka yadda aka ɗaure ta, ka wuce shi kawai.

Sai ƙarfen kansa. In ka ga an rubuta cewa takobi ba ya tsatsa, ko ka ga lamba 420 ko 440, to na rataye a bango ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana ɗauke da sinadarin kuromiyom mai yawa, sama da kashi 10 cikin 100. A wuƙar girki wannan alheri ne. A ruwa mai tsawon santimita 80 kuwa, ko dai a bar shi da laushi ya kasa riƙe kaifi, ko a taurara shi ya zama mai saurin karyewa. Takobin aiki da ƙarfe mai kabon ake yin sa, kuma lambobin da za ka riƙa gani su ne 1045 da 1060 da 1095. Lambobi biyun ƙarshe su ke gaya maka yawan kabon: 1045 yana da kusan kashi 0.45 cikin 100, 1060 yana da 0.60, 1095 yana da 0.95. Kabon na ƙaruwa, tauri da riƙe kaifi na ƙaruwa, juriya ga duka kuma na raguwa. 1045 shi ne matakin ƙasa, da shi ake yin mafi araha. Akwai kuma 5160 da 9260, dangin ƙarfen sifirin, wanda ake yi domin ya lanƙwasa ya dawo. Maƙeran Nepal sun daɗe suna ƙera wuƙarsu ta kukri da tsohon sifirin na manyan motoci, kuma dalilin ke nan.

To amma lamba ita kaɗai ba ta yin takobi. Wuta ce ke yi. Bayan an fitar da siffar ruwan, sai a gasa shi har ya wuce digiri 800, a tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take. A wannan lokacin ya yi tauri ƙwarai, amma in ya faɗi ƙasa ma yana iya tarwatsewa. Sai a sake ɗumama shi a wuta marar ƙarfi, tsakanin digiri 200 zuwa 400, domin a rage masa tauri a ƙara masa juriya. Wannan mataki na biyu shi ne inda masu gaggawa ke yin ha'inci, don ba ya fitowa a hoto. Ana auna tauri da ma'aunin Rockwell, kuma takobi irin na Turai da aka gasa daidai yakan faɗa tsakanin 50 zuwa 55. In ka dafa tsininsa a katako ka ɗan danna, zai lanƙwasa, ka saki ya miƙe sarai. In ya zauna a karkace, gashin bai yi ba. Ni dai a ganina, 1060 da ya samu gashi mai kyau ya fi 1095 da aka yi wa aikin gaggawa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ya fi shi araha.

Daga ina waɗannan takubba suke fitowa? Yawancinsu daga Sin da Indiya. Garin Longquan da ke lardin Zhejiang ya yi suna da ƙirar takobi tun zamanin da, kuma yau galibin katana, wato takubba irin na Japan, masu araha da ke yawo a intanet daga can ake ƙera su, ko da sunan kamfanin ya yi kama da na Japan. A birnin Dalian aka kafa kamfanin Hanwei, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo katana mai yanka a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. A Indiya kuma akwai Windlass a garin Dehradun, wanda aka kafa a 1943 yana ƙera kukri ga sojojin Gurkha, wato 'yan Nepal da ke rundunar Birtaniya, daga baya ya shiga kwaikwayon takubban tarihi. Takubban Indiya da yawa ba kaifi suke zuwa, sai ka biya ƙarin kuɗi a wasa maka. Can sama kuma akwai irin su Albion a jihar Wisconsin ta Amurka, inda takobi ɗaya ke cin dala 1,000 ko fiye. Tsakanin dala 150 zuwa 400 ne fagen da muke magana a kai, kuma a nan dole ka yi haƙuri da wasu abubuwa. Za ka ga ɗan giɓi tsakanin ruwa da makarin hannu, ko gugar ba ta yi santsi ko'ina ba, ko kuben ya yi wa takobin yawa. Waɗannan duk ana zama da su. Ƙota mai girgiɗi da ruwa mai tsaga kuwa, mayar musu da kayansu.

Katana tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, don nan ne yaudara ta fi yawa. A Japan, maƙerin takobi sai ya yi shekara 5 yana koyo a hannun mai lasisi kafin a ba shi izini, kuma doguwar katana biyu kacal aka yarda ya ƙera a wata. Da ƙarfen gargajiya da ake kira tamahagane yake aiki, kuma sabuwa ɗaya takan haura dala 10,000. Saboda haka wanda ya ce zai sayar maka da katanar Japan ta asali kan dala 200, ka san inda zancensa ya dosa.

Ku dubi wannan layi mai kama da hazo da ya bi bakin kaifin. Sunansa hamon. Kafin a tsoma ruwan, ana shafe bayansa da yumɓu mai kauri, a bar bakin da ɗan kaɗan. Bakin sai ya huce da sauri ya yi tauri har wajen 60 a ma'aunin Rockwell, shi kuwa bayan ruwan ya huce a hankali ya tsaya wajen 40. Iyakar da ke tsakaninsu ita ce wannan layi, kuma a cikin wannan tsomawar ne ruwan ke samun yawancin lanƙwasarsa. Na gaske ba ya bin tsari ɗaya, kuma in ka juya shi a haske za ka ga kamar a cikin ƙarfen yake. Ga na bogi: tudu da kwari iri ɗaya daga farko har ƙarshe, da burushin waya aka kankare shi a sama. Abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba shi ne, katana mai hamon na gaske in ka yi sara a karkace takan lanƙwashe ta zauna a haka, saboda laushin bayanta. Wadda aka gasa gaba ɗaya da tauri iri ɗaya ba ta da wannan kyan gani, amma tana yafe kuskure. In yanka za ka riƙa yi, ita ce taka.

Haka zancen ninki. Za ka ji ana tallar takobi mai ninki dubu. In ka ninka ƙarfe sau 10 ka samu shimfiɗa 1,024, lissafin ke nan. Maƙeran Japan sun yi haka ne domin ƙarfensu yana fitowa da datti, kabon ɗinsa kuma bai bazu daidai ba, ninkin ke gyara shi. Ƙarfen masana'anta na yau a tace yake zuwa. Ninka shi ado ne kawai, kuma in aikin araha ne, kowane ninki wata kafa ce ta samun wurin da bai haɗe ba. Kafin ka damu da ninki, duba ƙotar: ƙusar gora ɗaya ko biyu ce ke riƙe da jela, ka tabbata suna zaune daram, igiyar naɗin kuma ba ta motsi in ka tura ta da yatsa.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne nauyi. Takobin hannu ɗaya na Turai a tsakiyar zamani bai cika wuce kilo 1 zuwa 1.5 ba, na hannu biyu ma sau da yawa bai kai kilo 2 ba. Sirrin yana cikin kaurin ruwa, wanda ke raguwa daga gindi zuwa tsini. Masana'antar da ke son sauƙi takan yanko ruwan daga faranti mai kauri ɗaya ta bar shi haka, sai ka ji duk nauyin ya taru a gaba yana jan hannunka. Ka nemi a gaya maka kaurin gindi da na kusa da tsini, da inda takobin ke daidaita in an ɗora shi a yatsa. A na hannu ɗaya, santimita 10 zuwa 15 daga makarin hannu shi ne aka saba gani. In an ambaci lambar Oakeshott, wato tsarin da masanin nan na Ingila Ewart Oakeshott ya fitar a 1960 domin rarraba takubban Turai, alama ce mai ƙirar ya ɗan duba tarihi.

Wannan ciniki na ruwan takobi daga nesa ba baƙo ba ne a wajenmu. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu ɗimbin yawa ta hamada, galibinsu daga Solingen ta Jamus, a yi musu ƙota da kube a nan, wasu a sake fitar da su. Maƙeran gida kuma sun riƙa buga tambarin Turai, irin jinjirin wata biyu ɗin nan, a kan ruwan da suka ƙera da kansu. Yau ma in ka ga takobi a Kasuwar Kurmi ko a Agadas, tambayoyin ba su canza ba: wane ƙarfe ne, an gasa shi, yaya jelarsa take? Da yawa don ado da tsaraba aka yi su, kuma mai sayarwa na gari zai gaya maka.

Ƙarfe mai kabon yana tsatsa, ko shatin yatsa ka bari a kai kwana kaɗan zai ci. Goge shi, ka shafa masa ɗan man keken ɗinki, musamman da damina, kuma kada ka bar shi wata da watanni cikin kuben fata, fata tana riƙe danshi.

Kafin ka tura kuɗi, binciki doka da kwastan na ƙasar da kake. A Ingila tun 2008 an hana sayar da lanƙwasasshen takobi wanda tsawon ruwansa ya kai santimita 50 ko fiye, sai wasu da aka keɓe, kamar waɗanda aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya. A Japan kuwa takobin ƙarfe mai kaifi sai wanda aka yi wa rajista, shi ya sa masu atisaye can suke amfani da na gamin alminiyom marar kaifi. In kayanka ya iso lafiya kana son gwadawa, gorar roba cike da ruwa ta isa, a fili, ba yaro ko dabba kusa, bayan ka duba ƙota da jela. Itace da bulo da ƙarfe ba abin sara ba ne, ko takobin dala 1,000 sai ya ɓalle baki a kansu. A bidiyo na gaba za mu cire ƙusoshin gorar nan, mu zare ƙotar katana a gabanku ku ga cikinta. Sai mun haɗu.