Lacca: Kare Rumbun Bayanai Daga Canjin Da Ba A So

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron horar da masu ajiye bayanan makarantu a birnin Katsina.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da 'yan'uwana ma'aikata, barkanmu da warhaka.

Idan aka ambaci tsaron rumbun bayanai, hankalin mutane yakan tafi ga ɓarayin intanet, alhali ɓarnar da na fi gani a makarantunmu daga cikin ofis take fitowa, kuma galibi ba da mugun nufi ba. Akawu zai buɗe teburin sakamakon jarrabawa don gyara sunan ɗalibi, sai hannunsa ya kuskure ya mayar da maki 71 zuwa 17. Manhajar Microsoft Access, wadda da yawanku ke aiki da ita, ba ta jiran umarni: da zarar ya sauka zuwa layi na gaba, canjin ya zauna.

Sanya wa fayil kalmar sirri abu ne mai kyau, amma iyakarta hana baƙo shiga, domin duk wanda ya santa yana da ikon taɓa komai. Ku sani kuma cewa daga Access 2007, sabon tsarin fayil na accdb ya daina ɗaukar tsohon tsaron da ke ba kowane ma'aikaci izini daban.

Saboda haka shawarata ita ce ku raba rumbun gida biyu. Teburan da bayanai ke ciki su zauna a kwamfuta ɗaya da ke hannun mutum amintacce, su kuwa ma'aikata a ba su fom-fom da rahotanni kawai, kamar yadda mai saye a babbar kasuwa yake tsayawa bakin kanta ba tare da ya shiga sito ba. Wannan kason nasu a mayar da shi nau'in fayil na accde, ta yadda ba wanda zai sauya fasalin fom ko umarnin da ke bayansa. A nan ina roƙon ku lura sosai: accde ba ya hana gyara bayanai, don haka duk gurbin da bai kamata a taɓa ba, kamar lambar ɗalibi, sai an kulle shi a jikin fom. A kuma toshe hanyar danne maɓallin Shift lokacin buɗewa, wadda ke kai mutum ga tebura kai tsaye.

Makarantar da ɗalibanta suka yi yawa ta koma kan manyan manhajojin rumbun bayanai irin su PostgreSQL ko MySQL, inda ake ba wannan izinin karantawa kawai, wancan izinin shigarwa ban da gogewa, a kuma riƙa adana sunan wanda ya yi canji da lokacin da ya yi shi.

Bayanan nan amanar 'ya'yan mutane ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaronsu a kan mai ajiye su. Ku riƙa ɗaukar kwafi kullum kafin a tashi daga aiki, ku ajiye shi a wata na'ura daban, sannan lokaci-lokaci ku buɗe kwafin ku tabbatar yana aiki. Yanzu sai mu karɓi tambayoyi.