Dutse Ne Ko Katako? Gaskiyar Bangon Gidan Papineau

Ku tsaya a kan bangon nan tukuna. Ku bar tagogi, ku bar rufi, bangon kawai za ku kalla. Ruwan toka, an yanka shi gida-gida, kowane da layinsa a miƙe. Da za a ce ku rantse, za ku rantse sassaƙaƙƙen dutse ne. To ku kasa kunne, za a ƙwanƙwasa.

Kun ji? Katako ne.

Wannan ƙarar ce ta haddasa gardama. Wasu suka ce ashe gidan na bogi ne, jiya-jiya aka haɗa shi don 'yan yawon buɗe ido. Wasu suka ce na ainihin ya rushe, kwaikwayonsa aka yi. Duka ɓangarorin biyu sun harba sun kuskure.

Muna tsohon garin Montreal, a lardin Kebek na Kanada, titin Bonsecours, gida mai lamba 440. Gidan Papineau ke nan, ana furta sunan Papino. A 1785 aka gina shi, kuma wanda ya sa aka gina wani hafsan Birtaniya ne, Kanar John Campbell. A 1809 Joseph Papineau, safiyo kuma mai tabbatar da takardun ciniki da gado, ya saye shi. A 1814 gidan ya koma hannun ɗansa Louis-Joseph, wanda shekara guda bayan nan ya zama kakakin majalisar dokokin Kanada ta Ƙasa (Lower Canada, wato yankin Kebek a wancan zamanin), ko talatin bai cika ba. Shi ne jagoran masu jin Faransanci da ke ja da gwamnan da Landan take naɗowa. Wannan duk kun iya samunsa a ko'ina, mu wuce.

Inda ake ɓata labarin shi ne 1831. A nan za mu zauna.

Ku dubi zanen nan. Gidan Campbell da dutse aka yi shi, amma irin duwatsun da ba a daidaita ba, manya da ƙanana, an cusa ƙasar gini a tsakaninsu. Kauri akwai, kyau ne babu. Sai hukuma ta zaftare titin Bonsecours, ta yi ƙasa da shi. Ku kalli layin yana sauka. Me ya faru? Gindin ginin da ke binne ya fito fili, ƙofa ta tsaya a sama kamar an rataye ta. Kakakin majalisa guda, a ce sai ya yi hawan dutse kafin ya shiga gidansa.

Papineau bai tsaya gyaran ƙofa kawai ba. Tsakanin 1831 da 1832 ya ƙara wa gidan tsawo ta gefe guda da bulo, ya buɗe wannan babbar ƙofar da keken doki ke bi ya shiga tsakar gida. Yanzu ku lissafa abin da mai wucewa zai gani: tsohon dutse a sama, tushe tsirara a ƙasa, sabon jan bulo a gefe. Riga mai faci uku. Sai aka kawo alluna, aka tsaga musu layuka, aka shafa fenti kalar dutse, aka lulluɓe fuskar gidan gaba ɗaya. Yayin lokacin ke nan, gidan manya ya fito sumul kamar na sassaƙaƙƙen dutse.

Saboda haka katakon da kuka ji yana ƙara, shi ma ya kusa shekara 200 da shigowa tarihin gidan, kuma dutsen na nan a bayansa. Kamar dai gidan ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, ba wanda zai ce ƙasar ta tafi. Ni dai abin ya fi burge ni a haka. Mutumin da ke girgiza daular Birtaniya da baki, ga shi yana damuwa da yadda bangonsa zai fito a idon maƙwabta.

Sauran labarin da sauri yake tafiya. A 1834 jam'iyyarsa ta Patriote ta aika wa Landan ƙudurori 92 na neman a gyara tsarin mulki. Amsa ba ta zo ba sai 1837, kuma a'a ce. Ranar 6 ga Nuwamba na wannan shekarar, matasan ɓangarensa suka gwabza da 'yan ƙungiyar Doric Club masu goyon bayan Birtaniya, rikicin ya iso har bakin ƙofar nan, aka farfasa tagogi. Ba da daɗewa ba tawaye ya ɓarke. Papineau ya tsallaka Amurka, daga can Faransa, bai dawo ba sai 1845.

Kuma don Allah, hoton katafaren gida mai hasumiya a bakin kogi da ake liƙawa da wannan labarin, ba shi ba ne. Wancan na Montebello ne, a gaɓar kogin Ottawa, inda ya koma bayan dawowarsa, can kuma ya rasu a 1871. Wannan na birni ne.

Gidan ya sha wuya daga baya. An mai da shi otal, an ɗora masa ƙarin benaye, unguwar ma ta lalace. A farkon shekarun 1960 wani ɗan jarida mai sharhin kiɗa, Eric McLean, ya saye shi, ya sauke abin da aka ɗora, ya dawo da wannan rufin mai gangara, ya tare a ciki lokacin da masu hali ke gudun unguwar. A 1968 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 1982 hukumar Parks Canada mai kula da irin waɗannan wuraren ta mallake shi.

Af, har gobe a Kebek, idan abu mai sauƙin ganewa ne, sai su ce ai ba sai da kan Papineau ba, wato ba sai mai kaifin basira irin tasa ba. Mai kyamara, matsa kusa da layin can, inda allo biyu suka haɗu. Ga shi nan.