An raba na'urori, me ya sa littafin rajista bai tafi ba?

Irin wannan hoton kun sha ganinsa: akwatunan kwamfutocin hannu a jere, ma'aikatan lafiya suna murmushi, ana yanka ƙyalle. Shekara guda bayan nan, ku dubi teburin nan. Na'urar tana cikin aljihun tebur, ma'aikaciyar jinya kuma ta koma wa babban littafinta. Tambayar da kuka yi ta turo mana ke nan, kuma yawancinku kun ɗora laifin kan rashin wuta da intanet.

Wuta matsala ce, ba musu. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Bari mu wuce matakan farko da gudu. Mai ba da tallafi ya saki kuɗi, ma'aikatar lafiya ta sa hannu, an sayo na'urori, an yi horo na 'yan kwanaki. Duk wanda ya iya tsara taro zai iya waɗannan.

Yanzu ku tsaya a nan.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta kan awon ciki: daga zuwa huɗu ta mayar da shi aƙalla takwas. To, a ce manhajar da aka ƙera a wata ƙasa ta zo da gurbi takwas, littafin rajistar asibitin kuwa har yanzu tsohon bugu ne mai gurbi huɗu. Mace ta zo sau biyar. A littafi, ta kammala. A manhaja, da saura. Mace ɗaya, rana ɗaya, rahoto biyu masu karo da juna. Wanne za a aika sama?

Warware wannan aikin mai kula da shirin na'urorin a cikin ƙasar ne, kuma shi ne aikin da ba ya shiga hoto. Zama yake da takardun biyu, da jami'in ƙididdiga na gunduma, da ma'aikatan da ke cika su, layi bayan layi: me muke nufi da "sabon majinyaci"? Wanda ya dawo bayan wata shida sabo ne ko tsoho? Watan rahoto yaushe yake rufewa? Aiki ne mai sa hamma, na yarda. Ni dai ban taɓa ganin an yanka masa ƙyalle ba.

Har sunan asibiti sai an daidaita. Ku duba: asibiti ɗaya, an rubuta sunansa iri uku. Mutum ya san guda ne, kwamfuta kuwa uku za ta ƙirga hankalinta kwance. Shi ya sa ake ba kowace cibiya lamba ɗaya da kowa zai yi amfani da ita.

In ba a yi wannan zaman ba, ma'aikaciyar nan za ta rubuta komai sau biyu, ɗaya don gwamnati, ɗaya don masu tallafi, ga layin marasa lafiya har waje. Ranar da ta gaji, wanda mai duba aikinta ke tambaya duk ƙarshen wata shi za ta riƙe.

Wani zai ce ai akwai fasahar da ke haɗa manhajoji. Akwai. Ga manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta, tushenta kuma Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990. Ƙasashe fiye da 70 na tattara bayanan lafiya da ita. Ga kuma ƙa'idar musayar bayanai ta FHIR, ana furta ta "faya". Sai dai su 'yan aike ne. Lambar da aka ba su za su kai, ba ruwansu ko huɗu kuke nufi ko takwas.

Yuganda ta ɗanɗana wannan. Shirye-shiryen gwaji na lafiya ta wayar salula sun yi mata yawa, kowanne da tsarinsa, ba mai jin yaren wani, har a 2012 ma'aikatar lafiyarta ta dakatar da sababbi sai sun dace da tsarin ƙasa.

Mu koma teburin. Wannan karon an yi zaman daidaitawa, gurbin da ke manhaja shi ne gurbin da ke fom ɗin wata-wata. Ta shigar sau ɗaya, ta danna, rahoton ya tafi gunduma. Ta ɗago kai, ta kira mai bi.