Zaman marar addini a tsakiyar masu addini

Jama'a barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan taɓa.

Na farko doka. Sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, a 1993 kuma kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace cewa har wanda ba ya bin kowane addini yana da wannan 'yancin. A takarda ke nan. Mu wuce.

Na biyu, ni abin da ya fi jan hankalina, amana ce. Ku ɗauki Charles Bradlaugh, wani marar addini na Ingila. A 1880 mutanen Northampton suka zaɓe shi ɗan majalisa. Ya nemi ya yi alkawari kawai, ba tare da rantsuwa da sunan Allah ba, aka ƙi. Ya ce to bari in rantse. Aka ce kai da ba ka yi imani ba, ina amfanin rantsuwarka? Gaba kura, baya sayaki! Har tsare shi aka yi a hasumiyar agogon majalisar. A kore shi, mutanensa su sake zaɓensa, a sake korarsa, su sake zaɓa. Sai 1886 aka bar shi ya rantse, 1888 aka yi dokar da ta yarda da alkawari a madadin rantsuwa. Ku lura, ba wanda ya kama shi da sata. Tambayar ɗaya ce: wanda ba ya tsoron Allah, me zai hana shi ƙarya? Ita ce dai ke bin marar addini wajen neman aure, wajen aiki, wajen ba da shaida. Shi ya sa da yawansu suke yin gum, suna zuwa wurin ibada don kada ran iyaye ya ɓaci. Ƙirga su ma wahala ne, wa zai ɗaga hannu?

Na uku kuwa? Kaɗaici ne, kun san shi. Hajiya, na ga hannunki.

Tambayarta ita ce, idan ɗanta ne ya zo mata da maganar cewa ba ya bin addini fa? To Hajiya, ranar farko kada ki tara dangi, kada kuma ki kai zancen waje, don a wasu ƙasashen maganar tana iya kai shi kurkuku ko ta jawo masa taron mutane. Ki zaunar da shi ku biyu, ki tambaye shi tun yaushe yake ɗauke da abin shi kaɗai.