Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Lafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗalibai da ma'aikatan jinya na wannan kwaleji, ina yi maka barka da zuwa Kano. Sannu da hanya, sannu da gajiya.

Ba zan cika ka da tarihi ba, ka fi ni saninsa. Tun 1967 ake horar da likitoci a Zariya, a 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a 2002 aka fara dashen ƙoda a wannan asibitin. Abin da nake so in ɗan tsaya a kansa shi ne sikila, wato amosanin jini.

Duk duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya haihuwar yara masu amosanin jini. Wanda ya taɓa zama a asibitin yara ya san ranar da uwa za ta shigo da ɗanta a goye, yaron da jiya yake guje-guje, yau ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Littattafan da muka karanta sun ce a riƙa yi wa yaron da ke cikin haɗari ƙarin jini duk wata. To, ina jinin? Uban da ya sayar da akuya ya sayi leda ɗaya, wata mai zuwa me zai sayar?

Likitocin garin nan ba su naɗe hannu ba. Tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka riƙa ɗora na'ura a gefen kan yaro suna auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda aka ga yana cikin haɗari a ɗora shi a kan ƙwayar haidiroksiyuriya kullum. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ko da ƙwayar kaɗan aka ba da tana kare yaran daga shanyewar ɓarin jiki. A ɗakunan asibitocin Kano aka samo amsar nan, kuma ita muke koya wa ɗalibanmu yanzu.

Sai ɗan kukanmu, tunda an ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Muna yaye likita bayan shekara shida, kafin ya gama goge takardarsa Saudiyya ko Ingila sun yi masa tayi. Ba na ganin laifinsu, ni ma ina da iyali. Muna roƙo a ware kuɗin bincike na cikin gida, kada kullum mu jira tallafin waje, a kuma kai wannan awo da wannan magani har asibitocin ƙananan hukumomi.

Ranka ya daɗe, iyayen yaran suna jiranka a ɗakin jinya, da su za mu fara zagayen. Bismillah.