Makaron: a wajen juya ƙwaɓi ake kuskure

Ga makaron guda biyu a faranti, wato wani ɗan biskit mai zaƙi na Faransa. Na hagu sumul, da ɗan kwalliya kamar leshi a gindinsa, wanda Faransawa ke kira "ƙafa". Na dama kuwa ya tsattsage kamar fadama a bazara. Kayan haɗi ɗaya, obin ɗaya. Tun da bidiyon makaron ya cika TikTok, tambayar da kuke ta turowa ke nan: me ya sa nawa ke fashewa?

Kayan ba su da yawa: garin almon, sukarin gari, farin ƙwai da sukari. Gidan Ladurée na Paris, wanda aka buɗe a 1862, shi ake danganta wa salon haɗa biyu da kirim a tsakiya. Tarihi ya isa haka.

A tankaɗe almon da sukarin gari. A buga farin ƙwai, ana zuba sukari kaɗan-kaɗan, har kumfar ta tsaya cak, ko an kifa kwanon ba ta zubowa. Wannan shi ne merang. In a nan aka tsaya, aka matsa shi a tire, aka busar a wuta ƙasa-ƙasa, digiri 90 zuwa 100 na ma'aunin Celsius, kusan awa biyu, an samu merang mai ƙaras-ƙaras. Shi iskar cikinsa ake lallaɓawa.

To, a nan ne fa ake ruɗewa.

Duk mai yin kek an koya mata kada ta kashe kumfar ƙwai. Makaron kuwa, in an zuba almon da sukarin garin da aka tankaɗe a cikin merang, sai an kashe wani ɓangare nata da gangan. Faransawa har suna suka ba wannan juyi: makaronaj. Ga yadda mai gidan burodi take yi da hannunta. Tana ɗebo ƙwaɓin daga ƙasa, ta naɗe shi, sannan ta danna shi a jikin kwano. Dannawar nan ce ke fitar da iska.

Ɗaga cokalin. Kun ga ya faɗo guntu-guntu? Da saura. In aka gasa shi haka, iskar da ta maƙale za ta nemi hanyar fita, ta fasa saman. A ƙara juyi biyar. Sake ɗagawa. Yanzu yana zubowa kamar zuma mai kauri, har ta zana lamba 8 bai tsinke ba, zanen kuma ya nutse cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. Tsaya nan. Ajiye cokalin! In aka zarce, ya zama koko, ya baje a tire ba ƙafa, kuma babu gyara. Ni dai masu cewa "juya sau 50" ban yarda da su ba. Ƙwai ya bambanta, ƙarfin hannu ma haka. Shi ya sa ƙananan gidajen da ke yi da hannu suke kwaɓa kaɗan-kaɗan, idonsu na kan cokali.

Sauran da sauri. A matsa, a buga tiren a kan tebur, a bar shi ya sha iska har a taɓa bai manne a yatsa ba. Da hunturu nan da nan ne, da damina sai haƙuri. A gasa a digiri 150, minti 12 zuwa 15. In ya huce a sa kirim, a haɗa biyu-biyu, a kai firji ya kwana, don cikin ya yi laushi.

E, na sani. Nawa ma biyu ba su kai firjin ba.